Da'irar da ta rufe mai shayi

Lissafi nake koyarwa a Gusau, kuma reshen da na ƙware a kansa ba ya burge kowa a gidanmu. Muna nazarin abin da ke motsi ne: in an ture shi, zai dawo ya zauna ko zai ɓalle? Sau da yawa lissafin ba ya warwaruwa, sai mu yi dabara. Mu zana da'ira kewaye da abin, mu duba bakinta kawai. In ko'ina motsi ciki yake nufa, abin da ya shiga ba zai fita ba. In akwai gurbi ɗaya da ke kallon waje, to akwai mafita. Na daɗe ina son wannan dabara kamar ni na ƙirƙiro ta.

Wata ranar kasuwa na sauka a Tsafe, na tarar da mutane sun yi cincirindo a bakin titi. A tsakiyarsu akwai mai shayin unguwarmu ta Bungudu, babur ɗinsa a kife, buhun burodi ya fashe. Sarin burodi ya zo yi. Amma a shekarun nan duk wanda aka gani da burodi mai yawa, sai a ce 'yan bindigar daji zai kai wa.

Wani ya rafka masa gora a ƙeya. Ya miƙe ya nufi gabas, aka maido shi da ƙafa. Ya nufi yamma, dutse ya fasa masa baki. Ni kuwa, don tsabar wauta, idona bakin da'irar yake bi, ina neman gurbi. Babu. Har masu kallo ciki suke dannawa.

Na kutsa ina ihu, "Na san shi, shayi yake saidawa!" Aka tsinka mini mari, aka yaga mini riga, aka watso ni waje. Ni an bar ni na fita. Ban taɓa jin tsanar mutane irin ta ranar ba, kuma har yau ba ta gama sakina ba.

Da la'asar muka kai gawarsa gida cikin tabarma. Tsohon mahaifinsa ya buɗe fuskar ya daɗe yana kallo, sannan ya juyo gare ni.

"Malam, ka hwaɗa musu ko shi wane ne?"

"Na faɗa, Baba."

"To mi suka ce?"

"Ba wanda ya tambaya."