Mai Fiton Kogin Kama da Baƙon da Ke Neman Tartariya

Nurgali mai fito ne a kogin Kama, can ƙasar Tatar, kamar yadda ubansa ya yi. Gajeren mutum ne mai faɗin kafaɗa, ba shi da yawan magana, sai son shayi da madara. Matarsa Minzifa takan ce da shi da kwale-kwalensa ba ta san wa ya fi shiru ba.

Wata kaka, ana dab da kogin ya daskare, hazo ya rufe gaɓa da rana tsaka. Nurgali na gyaran igiya sai ya ga mutum tsaye a kansa, dogo, da wata doguwar riga irin wadda ko kakanni ba su sa ba. Takalmansa a jiƙe suke sharkaf, amma babu sawunsa a taɓo.

"Mai jirgi," in ji baƙon, harshensa na karyewa, "Tartariya nake nema. An ce tana tsallake."

Nurgali bai taɓa jin sunan ba. Ya ce, "Bawan Allah, tsallake ƙauyen surukaina ne, sai gonakin dankali."

Duk da haka ya ɗauke shi. Jirgin ya ɗan nutsa kamar an ɗora doki. Da suka kai tsakiya sai ya ji jirgin ya yi sakayau. Ya waiga, ba kowa, sai ruwa kwance a mazaunin.

A gida Minzifa ta yi masa dariya. "Kai dai Baban Zufar, yunwa ce ta sa ka gane-gane. Zauna ka sha miya." Amma surukarsa, tsohuwa tukuf, ta ajiye kofinta. Ta ce ai Tartariya, haka Turawan dauri suke kiran ƙasar Tatar kaf, tun daga nan har inda rana ke fitowa, su kuwa 'yan ƙasa ba su taɓa kiranta haka ba. "Shi ya sa duk wanda baƙon nan ya tambaya sai ya ce masa gaba."

Daga nan kowace kaka sai baƙon ya dawo, tambayar dai ita ce. Nurgali ya yi furfura, shi kuwa yana nan yadda yake.

Shekarar da gwiwoyin Nurgali suka fara gazawa, tausayin baƙon ya kama shi. Da suka kai tsakiyar kogi ya ɗaga filafili ya ce, "Malam, ka iso. Nan ce. Tun tuni kana cikinta."

Baƙon ya daɗe yana duban gaɓa. Sannan ya kama hannun Nurgali, ya ce, "Amma ina mutanen?" Ana jiyo kukan shanu da muryoyin mata masu wanki, shi bai ji ba.

Bai sake dawowa ba. Hannun da baƙon ya kama bai ƙara ɗumi ba, ko a bakin murhu. Nurgali ya bar wa ɗansa Zufar jirgin, ya koma kiwon zuma a bayan gari, har ya rasu bai yarda ya sake taka gaɓar ba.