Dutsen da Ya Zuba a Wuyan Inna

Ranar wata Lahadi ce, kwana biyu bayan Babbar Sallah, shekarar da nake aji biyar, aka yi sunan ɗiyar ƙanin babanmu a ƙauyenmu da ke kan hanyar Mai'adua. Rana ta take, mata sun cika tsakar gida, Innarmu tana ta kai da kawo da ƙwaryar fura, sanye da farar riga da sarƙar tsakiya, jajayen duwatsun nan da ta gada daga uwarta. Sai wata mata ta nuna ƙirjinta ta ce, "Yaya, yankewa kika yi?" Wani jan layi ne ya biyo gumi ya gangaro har kan rigar. Ba jini ba ne. Ɗaya daga cikin duwatsun ne yake zuba, kuma duk gidan ni kaɗai na san dalili.

A lokacin wasan da ya ɗauke mana hankali shi ne gyaran duwatsu. In mun kora awaki bakin rafi, sai mu tsinto wani farin dutse mai laushi mai shan ruwa, mu zuba a gwangwanin madara da yashi da ɗan ruwa, mu toshe bakin da tsumma, mu ɗaure shi a ƙafar amalanken da ke kai taki gona. Shanu na tafiya, gwangwani na juyawa, bayan kwanaki duwatsun su fito sumul. Daga nan mu huda su da wayar keke da muka wasa, mu jiƙa su kwana uku cikin ruwan karan dafi da kanwa, mu goge da man gyaɗa. Na abokaina yakan fito da dabbare-dabbare, nawa kuwa ja wur. Kaina ya kumbura, har na rantse a filin makaranta cewa babba ma ba zai bambance nawa da na gaske ba.

Kafin Sallah zaren sarƙar Inna ya tsufa, ta kai wa Iya Tasalla, wata tsohuwa maƙwabciyarmu da mijinta ya rasu, wadda da zura wa mata duwatsu a zare take ci. Ni aka aika in karɓo. A bayan rumbunmu na kwance ƙullin, na zare tsakiya guda, na sa tawa, na mayar da ƙullin yadda na gan shi. Niyyata in Inna ta sa ba ta gane ba, in yi dariya in mayar mata da abinta.

Da taro ya watse Inna ta ɗauki sarƙar ta nufi gidan Iya, mata na biye, ni ma ina biye, tsakiyar ta gaske tana cikin aljihuna. Inna ta ce, "Iya, amana na ba ki. In yunwa ce, ai da hatsi kika tambaye ni." Tsohuwar ta murza dutsen, ta dubi jan da ya kama yatsunta, ta ce, "'Yar nan, tun ba a haife ki ba nake zura duwatsun garin nan. Allah na gani." Ta ɗago ta dube ni sau ɗaya, ta kau da kai. Tsoron bulala ya rufe mini baki. Washegari da na je ɗebo ruwa na jefa tsakiyar a rijiya.

Daga ranar ba macen da ta sake kai wa Iya aiki. Yara suka riƙa bin ta suna kiranta mai rina dutse, kuma ba zan ɓoye ba, da muryata a ciki, don kada a zarge ni. Kafin damina ta kama, ta tattara ƙullinta ta koma wurin danginta can bayan Kongolam, ƙetaren iyaka.

Sai da na yi aure na faɗa wa Inna. Ta ce, "Ba ni za ka roƙa ba." Na hau babur na tsallaka iyaka ina tambayar inda Iya take, aka nuna mini maƙabarta.

Yanzu 'ya'yana mata sarƙar roba suke sawa, in ta tsinke a yar a sayo wata, ba mai zura ta, ba kuma wanda za a tuhuma. Ina kewar zamanin da mace kan miƙa wa maƙwabciya gadon uwarta ba shaida, ko da yake ni ne na ɓata shi a gidanmu. Bulalar da na guje wa, da tuni ta warke.