Kaf da Lam a Kan Kwalin Magani

Ko zan manta komai na zamana a Sabha, can ƙasar Larabawa, ba zan manta da ranar da haruffa biyu suka kusa jawo mana salalar tsiya ba.

Lokacin muna aikin dabino a wata gona a ƙauyen Zighan, kusa da Sabha, ni da wani abokina Badamagare. Ƙayar dabino ta soke shi a tafin hannu, wurin ya kumbura ya tara ruwa, har yatsunsa suka ƙi lanƙwasuwa. Likita ya matse ciwon, ya rubuta masa kafso na kashe ƙwayoyin cuta, ya ce in ya yi wasa da shan sa hannun zai iya lalacewa. Mai kantin magani ya yi rubutu a kan kwalin da biro.

Da muka koma gona bayan azahar, ya miƙo mini. "Malam, kai ne mai ajami, karanta mana."

Na duba: kaf da lam, sai lambar takwas, sai wata kalma kamar tafiyar tsutsa. Ba wasali ko ɗaya. Mu kuwa a allo da wasali muka saba.

Na ce, "Kul aka rubuta. Gargaɗi ne, kada ka kuskura ka kai takwas."

Ya yi dariya. "Haba Malam, Balarabe zai yi maka Hausa? Kul a bakinsu ai ci ne. Ci takwas ya ce." Ya fara ɓare kafson a tafinsa mai lafiya.

Na riƙe masa hannu. A gaskiya ba tsoro kaɗai ya sa ni ba, so nake in san wanda ya canka a cikinmu. Muka nufi mai gonar, wani dattijo Bafezzane, ɗan asalin yankin, da ya gaji guntuwar Hausa wurin kakarsa.

Ya nisanta kwalin da idonsa, ya karanta: "Kullu. Kowace awa takwas, ƙwaya ɗaya, har kwalin ya ƙare." Ya dube mu. "Kai ka hana, kai ka haɗiye. Ku biyu babu likita."

Kunya ta kama ni, don kalmar kullu ɗin nan na sha biya ta a allo. Abokina ya bi ƙa'ida har ƙarshe, Allah ya ba shi lafiya, da hannun nan ya yanke dabinon shekarar.

Tun ranar na gane sanin harafi daban, sanin magana daban. In na ga rubutu ba wasali, musamman a kan magani, ba na sa masa nawa. Mai shi nake tambaya.