Bindiga a gidanshi, albarushi a ɗakina

Bana shekara goma sha tara ke nan da rasuwar Yaya Ɗan Baƙo. Ana cikin yankan hatsi ya tafi, shi ya sa duk lokacin da na ga an fara ɗaurin dammuna a gonakin Dakoro sai ya faɗo mini a rai. Uwarmu ɗaya, ubanmu ɗaya, shi ne babba, ni ce auta. Ni ban yi lakwal ba, wato boko. Faɗa nake ana rubutawa, kuma na ce kada a gyara mini magana.

Maharbi ne. Yaran yanzu ba za su yarda ba in an ce musu dajin arewa da mu, wajajen Tagriss, ya taɓa cika da barewa da tuje da zabi. Yaya kan fita da adakarshi, irin bindigar nan ta maƙera da ake ɗura wa albarushi ta baki, ya yi kwana da kwanaki, ya komo jakinshi na nishi da nama. Babu gidan da ba ya samun tsoka a unguwarsu, har gidajen da ba sa ga maciji da shi. Ƙamshin bandar naman nan har yau in na rufe ido ina jin shi.

Amma akwai abin da ya bambanta shi da sauran maharba. Bindigar tana gidanshi, albarushin yana ɗakina. Tun ina amarya, da aka kai ni gidan miji can bayan kasuwar dabbobi, ya zo da wani ƙahon sa cike da albarushi, an toshe bakinshi da fata, ya ce in rataye mishi inda ruwa ba ya taɓawa. Shi yana gabas da gari, ni ina yamma. Duk ranar da zai shiga daji sai ya ratso gari da ƙafa ya karɓa, in ya dawo ya maido abin da ya rage. Da na tambaye shi dalili, cewa ya yi ya san zuciyarshi. Bai yi ƙarya ba. Yaya mutum ne mai kyauta da raha, amma in ranshi ya ɓaci idonshi rufewa yake, sai ya huce yake sanin abin da hannunshi ya aikata. Tun yana saurayi ya taɓa karya wa wani haƙarƙari a kan magana guda. Sharaɗin ɗaya ne, kuma shi ya kafa shi da bakinshi: kafin in miƙa mishi ƙahon, sai ya faɗa mini abin da zai harba.

Yawanci wasa abin yake zama. Sai ya tsaya bakin ƙofa ya ce zai je ya harbo mini wani mijin, tunda wanda nake da shi ya ƙi ƙiba. Mai gidana kuma, Allah ya jiƙan shi, ya ce maharbin da sai ya roƙi mace albarushi ai ko ƙadangare ya fi ƙarfinshi. Su yi ta yi, ni in dama musu fura.

Sau ɗaya na hana shi. Wata shekara ce damina ta yi gardama, gonarshi na cikin ƴan kaɗan da suka yi abin kirki. Ya ɗaure dammuna ya tara a gona, bai kai ga kwashewa zuwa rumbu ba, garken shanu ya ratse daga burtali ya afka musu. Da rana tsaka ina surfe sai ga shi ya faɗo gida ba sallama, bindiga a kafaɗa, ya ce in miƙo ƙahon. Na ce me za a harba. Ya ce kura.

"Kura da rana tsaka, Yaya? Mai ƙafa nawa?"

Ya hau ni da faɗa, ya ce shi ya goye ni ina majina, ya ce zai ɓalle ƙofar ya ɗauki abinshi. Na je na zauna a bakin ɗakin, taɓarya a cinyata, na ce sai dai ya taka ni ya wuce. Ya tsaya yana huci, ni ina kallon shi, har inuwar katanga ta juya. Sannan ya jingine bindigar ya nemi ruwa. Washegari aka zauna gaban mai gari da mai shanun, wani Bafillace da ake kira Altine, aka yanke wa Altine tarar karsana ya bayar. Hatsin dai bai dawo ba, gidan Yaya sun ji jiki a shekarar nan. Amma Altine ya rayu ya aurar da ɗiyanshi, kuma yana cikin waɗanda suka ɗauki makara ranar da aka kai Yaya.

Ba zan ɓoye ba, tsarin nan ya taɓa cutar shi. Ɓarayi suka kwance mishi raƙuma da asuba, yana ganin su suna tafiya da ita, bindiga a hannunshi babu komai a ciki. Kafin ya zo wurina ya koma, sun yi nisa. Gari ya yi ta mishi dariya, aka sa wa adakar suna sandar Ɗan Baƙo. Ni kaina na ji kunya, na ce ya zo ya ɗauke ƙahonshi. Ya ƙi. Ya ce gara a yi mishi dariyar raƙuma da a je gaishe shi a gidan kaso.

Yau naman ya ƙare a daji, adakar ma ta yi tsatsa an ba maƙeri. Bindiga kuwa sai ƙaruwa take. Labarin da ke zo mana daga kudu ba na barewa ba ne, na mutane ne a kan moto, wato babur, masu kwashe shanu, wani lokaci har da masu shanun. Nakan zauna in ce, da Yaya na nan me zai ce? Ina jin maza a bakin kasuwa suna cewa in kowane gida da bindiga ɓarawo zai shiga taitayinshi, jandarma kuma ba sa isowa sai an gama. Ban ce ƙarya suke ba. Amma ni tsohuwa ce, na daɗe ina kallon maza a bakin rijiya lokacin bazara, in ruwa ya yi ƙasa kowa na son tashi dabbar ta fara sha. A da rigimar kan ƙare da sanda. A fasa wa mutum kai, a ɗaure mishi, baɗi ka gan su tare a wurin suna suna cin goro. Wanda ke cewa kowa ya riƙe bindiga, ɓarawo kawai yake tunani. Ni ina tunanin ranakun da ɓarawo bai zo ba, bindigar na jingine a ɗaki, maƙwabci kuma na nan kullum.

Abin ya zo har ɗakina. Isyaka, babban ɗan Yaya, fataucin dabbobi yake, yana cin kasuwar Bader Goula da ta Kornaka. Bara aka tare su a hanya, aka kwashe musu komai, aka harbi abokin tafiyarshi a ƙafa. Bayan ya warke daga dukan da ya sha sai ya zo ya durƙusa gabana, ya ce an yi mishi tayin bindigar zamani, takardar izini zai nema daga baya, amma ba zai saya ba sai na sa albarka, tunda ni kaɗai na rage a madadin ubanshi. Na tambaye shi wa zai riƙe harsashin. Ya yi dariya, ya ce wagga ba adaka ba ce, a ɗure take kwana, wadda harsashinta ke wancan gefen gari ba ta da amfani ga mai tafiya. Gaskiyarshi. Sai dai na san yaron nan. Idon ubanshi gare shi in ya fusata, kuma ba a daɗe ba da aka ƙwace hauya a hannunshi yana shirin sara wa maƙwabcinshi a kan iyakar gona. Na ce ban yarda ba.

"To in sun kashe ni a hanya fa, Gwaggo?"

"In sun kashe ka zan yi kuka. In kai ka kashe wani, ban san abin da zan yi ba."

Ya tashi ba sallama, ya daɗe bai tako gidana ba. Matarshi ce ta zo ta faɗa mini bai saya ba. Yanzu ayari suke yi da sauran fatake, su fita da hantsi su juyo kafin rana ta yi sanyi. Ya dawo yana gaishe ni, amma maganar ba ta sake haɗa mu ba.

Yaya bai bar dukiya ba. Abin da ya bari shi ne mutum ya san abin da zai iya aikatawa in ya fusata, ya kuma yarda wani ya tsaya mishi a ƙofa. Da yana raye abin bai yi mini nauyi ba, don shi ya zaɓa, shi kuma ya ɗauki asarar. Wanga karon ni na zaɓa wa ɗanshi, kuma ba raƙuma ce a hanya ba, shi ne da kanshi. Ban san ko na yi daidai ba. Abin da na sani, duk ranar kasuwa ba na iya sa komai a baki sai na ji ƙarar motonshi ta shigo unguwa.

Gobe ma kasuwa ce. Allah ya jiƙan Yaya Ɗan Baƙo, ya maido mini da ɗanshi.