Ɗangoggo da Kaskon Gwarinpa

Muhyiddeen ɗan goggona ne, taubashina, saboda haka ina da lasisin tsokanarsa har ranar da za a binne ɗayanmu. Ɗangoggo nake ce masa. Ya baro Zariya ya zo Abuja da riga biyu da kunya buhu goma.

Aikin da ya samu shi ne wankin kwanuka a wani ɗan gidan abincin Tailan a Gwarinpa, na Oga Bernard da matarsa, mutuniyar can. Tebur huɗu ne kacal. A gida kuwa ya ce a ma'aikatar gwamnati yake. Ni kaɗai na sani.

Madam ta lura yana leƙen hannunta, ta miƙa masa kasko. Cikin shekara guda yana wurga taliya sama, sai ta gaisa da fanka kafin ta dawo. Wata rana ruwan kifin da ake kawo musu daga waje ya ƙare, ya daka daddawa ya zuba a ɓoye. Wallahi layin da aka yi washegari, na ji an ce ya kusa kaiwa Sheda, can wajen gari.

Sai rassa suka fara tsirowa. Mai hali zai sayi sunan da girkin, ya buɗe nasa shagon. Oga Bernard ya ce Muhyiddeen ne zai koyar da duk masu dafuwar, kuma fuskarsa za a buga a jikin kwalin tekawe. Mai hoto zai zo ran Litinin. Muhyiddeen ya kira ni yana ta murna, yana kuma tsoron kada kwalin ya kai Zariya.

Ran Asabar aka yi sunan ɗiyar Batulu, yayarsa, a Zariya. Dangi sun cika gida, har da iyayen Juwairiyya da yake nema. Shaiɗan ya hau kaina. Na ɗaura zani a ƙirji, na ɗauki murfin tukunya ina karairaya, ina cewa, “Ku ba Hajiyar Bankok hanya, babbar sakatariyar ma'aikatar taliya.” Mata suka yi ta faɗuwa don dariya. Baban Juwairiyya bai yi ba.

Ɗangoggo ma ya yi murmushi, don taubashi ba ya fushi a gaban mutane. Da zai fita ya ce, “Ka kyauta, ɗan kawu.”

Litinin mai hoto ya jira har azahar. Ɗangoggo bai je ba, bai kuma sake taka kicin ɗin ba. Juwairiyyar ma ba a ba shi ba.

Yau rassa goma sha huɗu ne, har Jikwoyi akwai. Fuskar da ke kan kwalin ta Enoch ce, wanda Ɗangoggo ya koya wa riƙe ludayi. Ɗangoggo kuwa yanzu da gaske a ma'aikata yake, yana buɗe wa motoci get.

Watan jiya na sayi kwali ɗaya na kai masa. Na ce, “Oga Bernard har yanzu yana tambayarka. In raka ka?”

Ya buɗe, ya shinshina, bai ci ba.

“Sun ƙona tafarnuwar,” ya ce. “Ka gaya wa Enoch ya rage wuta kafin ya zuba ta.”

Wata mota ta yi hon. Ya miƙo mini kwalin, ya tafi ya ja get.