Babin da Doktora Busaina Ta Cire

Ƙarfe bakwai na safe ofishin Doktora Busaina Shalabi a buɗe yake, amma kada ka sa ran samun ta a ciki. Kofin shayinta za ka tarar yana hucewa a kan tarin takardu. Ita tana aji, ko tana baranda tana yi wa wani ɗalibi faɗa don ya cika shafi goma da kalmar "talakawa" alhali bai taɓa zama a gidan ko ɗaya ba. Ranar Alhamis kuma tana cikin ƙaramar bas ta nufi Fayyum. Shekara talatin da huɗu ta yi a jami'a, a sashenmu na nazarin zamantakewa, ban taɓa ganin ta shanye shayi a zaune ba. Makon jiya ta yi ritaya ba tare da ta kai farfesa ba. Abin ya tsaya mini a rai, shi ya sa na ɗauki biro.

Tana da wata al'ada da ta ishe mu. Duk abin da ta rubuta a kan mutane, sai ta koma ta karanta musu da bakinta kafin ya tafi maɗaba'a. Mu kuwa mukan canja sunaye kawai mu ce mun sauke nauyi.

Shekara shida ta yi tana zama da matan bakin tafkin Fayyum masu ɓare jatan lande, har ƙarnin ya kama jakarta. Littafin da ta rubuta a kansu shi ne abin da za ta miƙa wa kwamitin ƙarin girma, kuma damarta ta ƙarshe ke nan kafin shekarun aiki su cika. Saura mako uku a rufe karɓa ta ce in raka ta karatun. Ni, Hamdi, tsohon ɗalibinta, na bi ta ina ƙunƙuni.

Matan suka zauna a tsakar gida, hannuwansu na aiki, tana karantawa. Suna dariya, suna gyara mata. Sai aka zo babi na huɗu, wanda shi ne ƙashin bayan littafin. Labarin wata mata ne da ke ciyar da gida ita kaɗai tun da kifi ya ƙare a tafkin, mijinta kuma kullum yakan saɓa raga ya fita, ya sayo kifi biyu a kasuwar wani gari ya dawo da su kamar shi ya kama. Ummu Ragab, wadda ta ba da labarin, ta ajiye kwanonta.

"Doktora, kin canja mini suna, Allah ya saka. Amma maigidana Abu Ragab fa? Duk garin nan wa ke dawowa da kifi biyu kullum, raga a bushe?"

"Littafi ne na jami'a, Yaya. Ba lallai ya iso nan ba."

"Ɗan maƙwabciyata a jami'a yake. Shekara tara ina yi kamar ban sani ba don tsohon nan ya iya zama cikin maza. Ki bar masa kifinsa."

A cikin bas na yi ta magiya. Na ce, "Doktora, don Allah ki mayar da kifin wani abu daban, ki miƙa. Wa zai sani?"

Ta ce, "In na mayar da shi wani abu, ƙarya na rubuta. In na bar shi, na tona tsohon. Matsa, ɗana, ka danne mini jaka."

Ta cire babin. Littafin ya rushe, sake gina shi ya ci shekara biyu, kwamiti ya rufe ƙofa. Shugaban sashenmu na lokacin ya ce mata, "Kin sayar da kujerar farfesa a kan kifi biyu!" Ta ce masa ai shi ma ya san daɗin kifi, ta wuce aji. Ni da na ba ta waccan shawara, yau ni ake kira farfesa, kuma wallahi duk lokacin da aka kira ni haka a gabanta sai in rasa inda zan sa idona.

Doktora Busaina, ke ce kika koya mana cewa wanda ya ba ka labarinsa bai sallama maka shi ba, aro ya ba ka. Ke ce uwar masu sauraro. Mun gode, Doktora, ko da yake godiyar ta zo a makare. Ku kuma ɗalibai masu rububin ganin sunanku a mujallun ƙasashen waje, ku koma ku karanta wa mutanen da kuka rubuta a kansu, ku ga ko za ku iya haɗa ido da su.

Ranar walimar ritayarta ana tsakiyar jawabai sai ga wata tsohuwa cikin baƙaƙen kaya a bakin ƙofa, mai gadi yana ƙoƙarin tare ta. Ummu Ragab ce.

"Doktora, tsohon ya rasu, an yi arba'in. Ya tafi da mutuncinsa. Yanzu ki rubuta, har da sunana na gaskiya."

Wani a kusa da ni ya ce, "Yanzu kuma me zai amfana mata?" Doktora ba ta ji shi ba. Ta riga ta ture shayinta, ta kama hannun matar, sun zauna a kan matakala tana laluben biro a jaka.