Malama Zuwaira da Littattafan Ranar Alhamis

Shekara ashirin da takwas ɗan acaɓa yana sauke Malama Zuwaira Alu a ƙofar wata firamare a Rurum tun ba a buga ƙararrawa ba. Ta duba shara, ta duba farcen yara, sannan ta ɗauki alli. Ran Alhamis kuwa sai ta kwance ɗaurin 'yan littattafan da ta tsinto wurin masu gwanjo a Kano, labaran yaran wasu ƙasashe da suka tsaya wa haƙƙinsu. Tana karantawa da Turanci, tana mayarwa Hausa.

A shekarun farko na Shari'a ta karanta wa 'yan aji biyar labarin wata yarinya da aka ware wa kujera a bakin ƙofa saboda launin fatarta. Wata ɗaliba, Nuriyya, ta ɗaga hannu.

"Malama, to mu me ya sa 'yan ruga suke zama a ƙasa, can baya?"

Kunya ta rufe Malama, don sabo ya sa ta daina ganin abin. Ta ce, "Kin yi gaskiya. Ku kuka gani, ku za ku gyara." Nan take yara suka matsa, kowane benci ya ɗauki ɗan Fulani.

Ba a yi mako ba wasu iyaye suka kai ƙara gun dagaci, wai tana koya wa yara tsaurin ido da littattafan Nasara, a ɗauke ta daga garin. Da dattawa suka taru, ta durƙusa ta gaishe su, ta dubi Liman Ishiyaku.

"Allah gafarta Malam, a bar ni in karanta. In da ɓarna, a ƙona."

Ta karanta har ƙarshe. Sai Liman ya ce, "Adalci muke roƙo a masallaci, ashe ya riga mu shiga aji biyar. A bar ta."

Ke ce murucin kan dutse, Malama. Saudat, ɗaya daga cikin 'yan rugar nan, yau ita ke karɓar haihuwa a Kibiya. Ta ce da ba a ba ta wuri a benci ba, da ranar ta koma bin shanu, ba dawowa.

A watan nan kika yi ritaya. Mun gode, Allah ya saka miki da Aljanna. Ku kuma malaman da ke riƙe da alli yau, ku bar yaro ya yi tambaya, ko da ku tambayar za ta kama.